Tsohon Inji da Notukan Kansa: Yaushe Ake Sake Ɗaure Su, Yaushe Ake Ƙyale Su

Da zarar mota ta haura kilomita 200,000, shawarwari sukan yi wa mai ita yawa, kuma daga cikin waɗanda aka fi ji akwai cewa a buɗe murfin saman inji a ƙara ɗaure notukan da ke riƙe da kan injin, wanda kanikawa ke kira tof silinda, wai don shekaru da zafi sun sa sun yi sako-sako. Shawarar tana da asali, domin an yi zamanin da wannan aiki yake cikin sabis na dole, amma a yawancin injunan da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau ba ta da gurbi, kuma bin ta kan jawo ɓarnar da ta fi wadda ake gudu. Injin da ba ya shan ruwa, ba ya tafasa, kuma yana tashi lafiya da safe, babu dalilin kai sifana kan notukansa komai nisan tafiyar da ya yi. Wanda kuma ya riga ya fara nuna alamun lalacewar gasket, da wuya ɗauri ya warkar da shi. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan ƙaramin rukuni na injunan da aikin ya dace da su, kuma gane su ba shi da wuya idan an fahimci abin da notukan ke yi.

Aikin da notukan ke yi

Tsakanin kan inji da gangarsa akwai gasket, wanda kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ko 2 ba, amma ayyuka uku ne a wuyansa: ya tsare wutar da ke tashi a cikin silinda, ya tsare ruwan da ke zagaya injin, ya kuma tsare baƙin man da ke hawa sama ya dawo, ba tare da wani ya shiga hanyar wani ba. Abin da ke ba shi ikon yin haka shi ne matsin notuka, waɗanda a inji mai silinda huɗu a jere yawanci guda 10 ne. Noti idan aka ɗaure shi yadda ya kamata yakan miƙe kaɗan, kamar robar da aka ja, kuma ƙoƙarinsa na komawa tsayinsa na asali shi ne ke danne kan injin a kan gasket. Miƙewar nan ita ake nema, sai dai ƙarfin da aka sa a sifana ba kullum yake nuna ta daidai ba, domin kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarfi yana ƙarewa ne wajen gogayya, a ƙarƙashin kan notin da kuma tsakanin haƙoransa, ɗan abin da ya rage ne yake zama matsi. Shi ya sa notin da haƙoransa suka yi tsatsa zai iya kai adadin da ake so a kan sifanar awo, wato sifanar da ke nuna ƙarfin ɗauri, alhali bai danne komai ba, wanda kuma aka shafa wa mai ba bisa umarni ba ya wuce gona da iri a wannan adadin dai.

Ga kuma batun zafi. Kan injunan zamani na alminiyam ne, kuma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi da na ƙarfen da ake yin notuka da shi. Duk lokacin da injin ya yi zafi, kan yana kumbura fiye da notin da ke ratsa shi, sai matsi ya ƙaru, idan ya huce kuma ya ragu, haka nan sau dubbai a tsawon rayuwar mota. Tsofaffin gasket da ake yi da zare-zare da aka matse a kan siririn ƙarfe sukan lotsa bayan 'yan kwanaki na wannan hawa da sauka, matsi ya ragu, shi ya sa littattafan motocin wancan zamani suke umartar a dawo da mota bayan kamar kilomita 800 zuwa 1,500 a sake ɗaure notukan. Abin lura a nan shi ne, ko a wancan lokacin umarnin ya shafi sabon gasket ne da bai gama zama ba. Gasket ɗin da ya shekara goma a wurinsa ya riga ya gama duk lotsawar da zai yi.

Masu ƙera motoci sun kawar da buƙatar wannan aiki ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce gasket mai falle-fallen ƙarfe, wanda aka yi wa tudu a kewayen kowace silinda, kuma ba ya lotsawa kamar na da. Ta biyu ita ce notukan da ake ɗaurewa har su shiga matakin miƙewar da ba ta komawa daidai, inda matsinsu yake zama kusan iri ɗaya daga noti zuwa noti komai bambancin gogayya. Ana gane su a littafin gyaran injin: idan ya ba da adadi na niyuton-mita, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, sannan ya ƙara da cewa a juya digiri kaza, misali digiri 90 sannan wani digiri 90, to mafi yawanci irin waɗannan ne. Notin da ya riga ya miƙe zuwa wannan mataki, idan aka ƙara masa juyi, wuyansa ne zai ƙara sirancewa, ƙarfinsa ya ragu, ƙarshenta ya tsinke a cikin gangar injin, a shiga neman yadda za a haƙo shi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Irin waɗannan notuka yawancin kamfanoni suna cewa a zubar da su bayan an kwance, wasu kuma suna yarda a sake amfani da su idan an auna tsayinsu ko kaurin wuyansu an ga bai wuce iyakar da littafin ya gindaya ba.

Idan injin yana cikin waɗanda aikin ya dace da su

Sharuɗɗan a bayyane suke: littafin injin ya ba da adadin ɗauri kawai ba tare da digiri ba, gasket ɗin na zare-zare ne, an sa shi ba da jimawa ba, kuma ko dai littafin ko takardar da ta zo da gasket ɗin ta ce a sake ɗaurewa. Tsofaffin motoci masu kafireto, taraktoci, janaretoci da wasu tsofaffin injunan dizal su ne aka fi samu a wannan rukuni. Kafin a taɓa komai a duba ko aikin da zafi ake yin sa ko da sanyi. Littattafan injuna masu kan ƙarfen zubi da dama suna cewa a yi shi injin yana da ɗumi, mai kan alminiyam kuwa sai ya huce sarai, abin da ya fi dacewa shi ne ya kwana bai yi aiki ba. A buɗe murfin lagireto bayan ya huce domin iskar da ta taru ta fita, kada ruwa ya sami ƙarfin kutsawa ƙarƙashin gasket lokacin da aka sassauta noti.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora sifanar awo a kan noti a ja, a ji ta yi ƙara, a ce ai yana nan daram. Wannan bai nuna komai ba, domin notin da ya daɗe a zaune yana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya fara motsi, fiye da wanda yake buƙata idan yana cikin juyawa, don haka sifana za ta yi ƙara ko da matsinsa ya ragu. Hanyar da ta dace ita ce a fara sa wa kan kowane noti ɗigon fenti, a ja layi daga kansa zuwa jikin injin. Sai a ɗauki noti na farko a jerin da littafin ya zana, wanda kusan kullum daga tsakiya yake farawa ya riƙa zagayawa zuwa gefuna, a sassauta shi kamar rubu'in juyi, sannan a ɗaure shi da ja guda ɗaya mai santsi, ba fizga, har sifana ta nuna ya kai. Daga nan a bar shi, kada a ƙara masa “ɗan kaɗan don tabbaci”, a wuce na biyu. Ba a sassauta biyu a lokaci guda, balle a sassauta duka sannan a dawo ɗaurewa, domin hakan yana ɗage kan injin daga gasket ne, kuma gasket ɗin da aka ɗage ba ya komawa ya zauna yadda yake. Idan an gama, layin fentin zai nuna yadda kowane noti ya wuce inda yake a da. Wucewa kaɗan kuma kusan daidai a dukkansu shi ake sa rai. A injunan da ake saita bawul ɗinsu da hannu, musamman masu sandunan turi, dole ne a sake auna tazarar bawul bayan wannan aiki, domin kan injin ya ɗan ƙara sauka.

Idan kuwa wani noti guda ya ci gaba da juyawa bai kama ba, ko aka ji ya yi laushi a hannu kafin ya kai adadi, a tsaya nan take. Ko dai notin ne yake shirin tsinkewa, ko haƙoran ramin da ke cikin gangar injin ne suka zube. Na biyun ya fi faruwa a injunan da gangarsu ma ta alminiyam ce, kuma an san wasu da wannan lalura, kamar injin 2AZ-FE mai lita 2.4 na Toyota a shekarunsa na farko, da injin Northstar na Cadillac. A irin wannan yanayi notin ya yi sako-sako da gaske, amma ƙara ɗauri sauran haƙoran zai cinye. Gyaransa shi ne a sauke kan injin, a faɗaɗa ramukan, a dasa musu hannun riga na ƙarfe mai sababbin haƙora, kuma ya fi kyau a yi wa ramukan duka a zama ɗaya maimakon a gyara wanda ya nuna kansa kawai.

A auna kafin a kwance

Mafi yawan masu tambayar sake ɗaure notuka wata alama ce ta tsorata su: ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri yana fita daga salansa ko bayan injin ya yi zafi, kumfa tana tasowa a lagireto, ko injin yana rawa na 'yan daƙiƙoƙi da safe sannan ya daidaita. Kowace daga cikin waɗannan tana iya zama gasket, tana kuma iya zama wani abu daban. Farin kitse a ƙarƙashin murfin zuba mai, alal misali, sau da yawa raɓa ce kawai a motar da ke yin gajerun tafiye-tafiye ba ta samun zafi sosai. Wanda ya fi nuna haɗari shi ne a zaro sandar awon mai a ga man ya koma launin madara kuma ya haura alamar cika. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi: da safe, injin yana da sanyi, a matsa babban tiyon lagireto na sama a ji laushinsa, a tayar da motar, a sake matsawa bayan minti 1 ko 2. Idan ya yi tauri tun ruwa bai yi ɗumi ba, to iskar silinda ce take shiga hanyar ruwa.

Tabbacin wannan yana samuwa da wani ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa cikin kwalba a bakin lagireto, a zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa shi, idan akwai hayaƙin ƙonewa a ciki sai ya koma ruwan ɗorawa. Sannan ga awon matsin silinda, wanda a ganina duk mai tsohuwar mota ya kamata ya yi ya ajiye sakamakon ko da babu abin da ke damunta, domin adadin da aka samu yau shi zai ba da ma'ana ga wanda za a samu baɗi. Ana yin sa ne injin yana da ɗumi, batir cike, an cire fulogai duka, an katse mai da wuta, an taka totur har ƙasa, a juya injin sau 5 ko 6 a kowace silinda. Adadin kansa ya bambanta daga inji zuwa inji, abin da aka fi dubawa shi ne daidaito: bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna gasket ya ƙone a siririn wurin da ke tsakaninsu. Idan guda ce ta faɗi, a zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. In adadin ya tashi, ringi ne suka cinye, in bai motsa ba, sai a nemi laifin a bawul ko gasket.

Idan gwaji ya tabbatar gasket ne, jinkiri ba ya amfani. Ruwan da ke ɗiga cikin silinda da dare yana iya taruwa har fistan ya kasa matse shi da safe, sandar fistan ta lanƙwashe, ruwan da ya gauraya da mai kuma metal yake ci, wato siraran ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu. Magungunan toshe ɗiga da ake zubawa a lagireto suna iya riƙe ƙaramar ɗiga na wani lokaci, amma sukan toshe siraran hanyoyin lagireton ma, don haka ban ga hikimarsu ba sai ga motar da aka riga aka yanke shawarar ba za a kashe mata kuɗin gyara ba.

A wajen canza gasket, ƙananan abubuwa ne suke raba aikin da zai daɗe da wanda za a dawo da shi bayan wata uku. Ana kwance notuka ne a akasin jerin ɗauri, daga gefuna zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, injin yana da sanyi. Sai a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar kan injin, a tsaye da kuma a karkace, a gwada zura siraran ƙarafan auna tazara a ƙarƙashinsa. Iyakar lanƙwasar da ake yarda da ita a injuna da yawa tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, wato kusan kaurin gashin kai, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Wanda ya wuce haka sai an daidaita fuskarsa a injin sassaƙa, shi ma da iyaka, domin duk abin da aka rage yana ƙara matsin silinda yana kuma ɗan gusar da tayimin, wato daidaiton lokacin buɗewar bawul da motsin fistan. A duba fuskar gangar ma, a kuma sa a gwada kan injin ko ya tsage, musamman idan injin ya taɓa tafasa sosai. Kada a goge fuskokin da faifan gurza na lantarki, domin yana barin kwari a alminiyam, ɓurɓushinsa kuma yana gangarawa cikin mai ya cinye metal. Ramukan notuka a wanke haƙoransu, a busar da su da iska har ƙasa, domin ruwa ko man da ya kwanta a ƙasan rami ba ya matsuwa, kuma noti yana iya tsaga gangar injin da shi ko ya nuna ya ɗauru alhali a kan ruwa yake zaune. Gasket mai falle-fallen ƙarfe a bushe ake sa shi, ba gam, sai a 'yan wuraren da littafi ya nuna. A injunan dizal da dama kaurin gasket ɗin iri-iri ne, ana zaɓarsa gwargwadon yadda fistan ke leƙowa sama da gangar, kuma ana gane shi da yawan huji ko tsagar da ke gefensa, don haka kada a jefar da tsohon kafin a kwatanta.

Zafi shi ne tushen matsalar

Gasket ba ya cika mutuwa don tsufa kaɗai, yawanci tafasa ce take kashe shi, wani lokaci tafasa guda ɗaya. Wanda yake son kan injinsa ya zauna lafiya, lokacin da zai ɓata a kan notuka gara ya ɓata shi a kan hanyar ruwa. Murfin lagireto ƙaramin abu ne da ake rainawa, amma shi ke riƙe matsin da yawanci yake kusan ba 1 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), kuma a wannan matsi ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120 maimakon 100. Murfin da robarsa ta tsage yana mayar da lafiyayyen inji mai tafasa. Zallan ruwa kuma yana sa tsatsa, yana cin alminiyam, yana barin gishiri a hanyoyin lagireto, don haka a yi amfani da ruwan sanyaya inji irin wanda littafi ya ambata, yawanci rabi da rabi da tataccen ruwa, a kuma canza shi a kan lokaci, domin sinadaran da ke hana tsatsa suna ƙarewa ko da launinsa bai canza ba.

Cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa daga shiga lagireto har sai injin ya yi zafi, da sunan maganin zafi al'ada ce da ta yaɗu, kuma ɓarna ce. Tamostat yana buɗewa ne a tsakanin digiri 80 da 90 da ɗoriya, gwargwadon injin, domin a wannan zafi aka tsara tazarar ƙarafan injin. Idan babu shi injin yana daɗewa da sanyi, kwamfutar motar ta ci gaba da ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke man da ke bangon silinda, ringi su riƙa cinyewa. A wasu injuna ma tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya dawo ba tare da ya shiga lagireto ba, don haka cire shi yana iya ƙara zafin maimakon rage shi. Idan ya lalace a sa sabo, a kuma nemi ainihin dalilin zafin a fanka, famfon ruwa, ko lagireton da ya toshe. Tiyon da ya kumbura ko ya yi taushi a bakinsa a canza shi kafin ya fashe, haka ma tankin roba na lagireto da ya fara dusashewa yana nuna siraran tsaga.

Allurar zafi da ke gaban direba ba abar dogaro ba ce gaba ɗaya. A motoci da yawa an tsara ta ta tsaya a tsakiya a faɗin zafi mai yawa, sai abu ya ɓaci take motsawa, kuma idan ruwa ya zube duka tana iya sauka ƙasa domin abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa kuma. Idan ta haura, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a sauka gefen hanya, a kashe injin. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, ba a kuma antaya ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa, domin sauyin zafi na farat ɗaya yana tsaga kai.

Baƙin mai, da jarabar ƙara masa kauri

Tsohon inji yakan sha mai, kuma kamfanoni da dama ba sa ɗaukar lita 1 a kilomita 1,500 ko makamancin haka a matsayin lalacewa. Abin da ya fi kashe irin waɗannan injuna shi ne ƙarewar man ba a sani ba, fiye da kuskuren zaɓar irinsa, don haka duba sandar awo duk mako, mota tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, ya fi kowane magani da ake zubawa a inji. Shuɗin hayaƙi yana faɗin inda man ke bi: idan da safe ne ko bayan an daɗe a silo, robobin wuyan bawul ne suka bushe, idan kuwa lokacin da aka taka totur da kaya ne, ringi ne. Kafin a zargi ko ɗaya a duba ɗan bawul ɗin numfashin inji, wanda ke zuƙe tururin da ke taruwa a cikin gangar. Idan ya toshe, matsin da ke ciki yana tura mai waje ta kowace roba da kowane gasket, a yi ta canza sil ana mamakin dawowar ɗiga.

Ƙara kaurin mai mataki ɗaya, kamar daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40, yana iya rage sha da ƙara idan littafin motar ya lissafa shi cikin waɗanda aka yarda da su. Tsallakawa zuwa 20W-50 a injin zamani mai sauya tayimin da matsin mai kuwa wani abu ne daban, domin hanyoyin mansa sirara ne, kuma mai kauri yana jinkirin isa sama a daƙiƙoƙin farko bayan tayarwa, lokacin da ƙarafa suka fi cinyewa. Fitilar mai da ke ƙiftawa a silo bayan injin ya yi zafi ba a rufe mata baki da mai mai kauri. Fitilar ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da kamar rabin ba, wanda ya riga ya yi ƙasa ƙwarai, don haka a ɗaura ma'aunin matsi na gaske a gani. Ƙa'idar da kanikawa suka daɗe suna bi ita ce kusan ba 0.7 ga kowane juyi 1,000 a minti. Injin da aka buɗe murfinsa aka tarar da baƙin laka kuma, wanke shi da magani mai ƙarfi yana iya ɓamɓaro lakar ta toshe ragar famfon mai. Ya fi aminci a yi juye biyu ko uku a kusa-kusa da mai mai kyau da sabuwar filta, idan lakar ta yi yawa a sauke kaskon mai a wanke ragar da hannu.

Bel ɗin tayimin ba ya ba da sanarwa. Yawancin kamfanoni suna sa iyakarsa tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga zuwa, kuma a injuna da yawa idan ya tsinke fistan yana karo da bawul. Motar da aka saya hannu babu shaidar ranar da aka canza shi, a ɗauka ba a canza ba, a kuma haɗa da tayoyin da ke riƙe shi da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi. Injunan da ke da sarƙa a madadin bel, sarƙar tana daɗewa fiye da haka matuƙar ana juye a kan kari, alamar gajiyarta ita ce ƙarar kacau-kacau a farkon tayarwa.

Tazarar bawul ita ce aikin da aka fi mantawa a injunan da ba su da masu saita kansu da mai. Mutane suna tsoron bawul mai ƙara, alhali wanda ya yi shiru ya fi haɗari: da tafiya ta yi nisa bawul ɗin fitar hayaƙi yana nutsewa cikin mazauninsa, tazara ta ƙare, ya kasa rufewa sosai, ya rasa hanyar sauke zafinsa a kan injin, har gefensa ya ƙone. Ana auna ta da siraran ƙarafan awo a zafin da littafi ya faɗa, mafi yawanci da sanyi. Fulogai ma, a injin da kansa na alminiyam ne, da sanyi ake kwance su, bayan an hure ƙurar da ke ramin, kuma wanda ya yi tauri a mayar da shi kaɗan a ɗiga masa mai a sake gwadawa maimakon a tilasta shi. Sabon a fara murɗa shi da yatsu har ya zauna kafin sifana ta taɓa shi, sannan a ɗaure shi da adadin da aka rubuta masa, wanda a yawancin injunan fetur yake tsakanin niyuton-mita 15 da 30.